Tunau da Akwatin Hoto

A Unguwar Kanya, mil bakwai yamma da Tashar Ɗorawa, an yi wani gida mai ɗaki biyu da rumbu ɗaya da dangar kara. Rai uku ne a cikinsa: wata tsohuwa da ake kira Iya Cima, da autanta Tunau, da jar akuya mai karyayyen ƙaho. Tunau ya ba shekara arba'in baya. Ƙaƙƙarfa ne, ba ya ƙarya, ba ya fushi, ba ya ƙin aike. Aibinsa ɗaya ne: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya yi ta zuba ruwa a randa har ka dawo, ko randa ta cika ba zai daina ba, sai ka tarar da tsakar gida ta zama fadama. Mutanen unguwa suna ce masa wawa. Iya Cima kuwa cewa take yi, "Ɗana ba wawa ba ne. Shi dai ya yarda cewa abin da mutane suka faɗa shi suke nufi."

Tunau yana da wa, Jatau, wanda ya tafi Kumasi fataucin goro shekara goma sha tara da suka wuce. Can mota ta karya masa ƙugu, doguwar tafiya ta gagare shi, ya zauna. A kakar shekarar da wannan abu ya faru, wani falke ya iso da saƙo daga wurinsa: baƙin akwatin hoto, bai fi ƙaramin kwano girma ba, mai ido ɗaya a gaba da ɗan kunnen murɗawa a gefe.

Falke ya ce, "Jatau yana gaishe ku. Ya ce in ya rufe ido yana jin muryar Iya sarai, amma fuskar ta daina zuwa masa. An riga an sa fim a ciki, na hoto goma sha biyu. Ya ce Tunau ya samo masa fuskar uwarsa, in dawo in karɓa kafin..." Sai ya dubi tsohuwa, ya haɗiye sauran maganar.

Tari ya kama Iya Cima tun tsakiyar damina, kullum kuma ƙara ramewa take yi. Duk unguwa an san ba za ta ga wata shuka ba. Tunau kaɗai bai sani ba, domin ba wanda ya faɗa masa. Falke ya ba da shawara a kira mai hoto daga gari, Iya Cima ta ce, "Ni da tsufana wani ƙato ya zo ya tsura mini ido ta rami? Wanda na goya kaɗai na yarda ya kalle ni haka." Shi ke nan ya zama dole Tunau ya koyi hoto.

Wata rana, ranar Asabar, Tunau ya rataya akwati ya tafi Tashar Ɗorawa wurin Malam Ishaku Mai Hoto, wani siririn dattijo mai tabarau da ya koyi sana'ar a soja, yake kuma koya wa mutum biyar a bayan shagonsa duk mako. Tun kafin su zauna ya kafa musu doka biyu: kada kowa ya yi magana sai an tambaye shi, kada kuma kowa ya buɗe bayan akwatinsa sai darasi na shida, ranar da za a koyi sa fim. Sannan ya lissafa abin da mai koyo yake bukata: akwati, da tsumma mai laushi na goge idon akwati, da farin ƙyalle, da abu mai ƙafa uku da za a ɗora akwati a kai don kada ya girgiza. Ya ce, "Ba sai na kanti ba. Ku duba a gida. Ko mene ne, in dai ƙafarsa uku ce." Tunau ya koma ya duba gida kaf. Akuya ƙafarta huɗu, kaza biyu, turmi ba shi da ko ɗaya. Sai idonsa ya faɗa kan kujerar Iya 'yar tsugunno, wadda marigayi mahaifinsa ya sassaƙa mata da icen maɗaci shekarar da aka kawo ta gidan. Ya ƙirga, huɗu. Ya ɗauko gatari ya cire ɗaya. Da Iya Cima ta fito alwala sai ta ga ƙafar a ƙasa. Ta sunkuya ta ɗauka, ta daɗe tana shafa ta da babban yatsa.

"Tunau, me kujerar nan ta yi maka?"

"Ƙafa huɗu ta yi, Iya. Malam uku ya ce."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta sa ƙafar ƙarƙashin matashinta. A aji kuwa, da aka ɗora akwati a kan kujerar sai ta kife, 'yan aji suka yi ta dariya har da hawaye. Malam Ishaku ya ce, "Mayar wa tsohuwa da kujerarta. Kai ƙirjinka ya ishe ka, ka manna akwatin a nan." Tun daga ranar Iya Cima take zama a kanta da dutse a madadin ƙafa ta huɗu.

Wata rana Malam Ishaku ya koya musu haske. Ya fitar da su tsakar rana ya ce, "Hoto ɗan rana ne. Amma in ta shiga idon akwati ta ɓata komai. Muddin akwati yana hannunka, rana ta kasance a bayanka." Aka tashi da la'asar. Unguwar Kanya tana yamma, rana ma tana yamma, akwati kuma yana hannun Tunau. Ya tsaya a bakin hanya ya yi tunani, sai ya juya ya kama tafiya da baya. Masu dawowa daga kasuwa suka cim masa, suna kora jakuna.

"Tunau, gida za ka, ko daga gida kake?"

"Gida za ni."

"To ai fuskarka gari take kallo!"

"Malam bai yi maganar fuska ba. Baya ya ce."

Mil huɗu ya yi haka. A na biyar ya faɗa kwazazzabo, ya ƙanƙame akwati a ƙirji ya bar bayansa ya sha duwatsu. Sai da rana ta faɗi ya juya ya ƙarasa gida kamar kowa. Iya Cima ta ɗumama ruwa tana gasa masa baya, tana tari, tana cewa, "Ɗan nan, kai za ka riga ni ƙarewa." Asabar ta gaba da safe rana tana gabas, gari ma yana gabas, saboda haka da baya ya iso aji, ya makara. Malam Ishaku ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Lokacin ɗauka kawai nake nufi, bawan Allah. Lokacin ɗauka."

Wata rana aka zo kan farin ƙyalle. Malam Ishaku ya ce in mutum yana inuwa fuskarsa ta yi duhu, a shimfiɗa fari a gabansa, haske zai taso daga ƙasa ya wanke masa fuska. "Ku nemi wanda ya fi fari, ya fi faɗi, a duk gidanku." Tunau ya san inda yake. A ƙasan adakar Iya akwai farin yadi sabo ƙal, a naɗe da ganyen ƙamshi, wanda ta tanada da kaɗin hannunta shekara shida da suka wuce. Likkafaninta ne. Da safe ya ciro shi, ya baza ƙyalle guda a kan danga, ya shimfiɗa wani a ƙasa, ya roƙi Iya ta ɗaura zanenta na saƙi ta zauna. Ta dubi yadin, ta dube shi, ta zauna. Maƙwabciyarsu Gwaggo Hansai ta hango likkafani a kan danga, ta ɗora hannu a ka ta rusa kuka. Kafin a ce me ne wannan, samari sun ɗauki fatanya sun nufi maƙabarta, mata sun cika ƙofar gida, liman ya iso yana salati. Suka shiga suka tarar da Iya Cima zaune ras a kan kujera mai ƙafa uku.

Ta ce, "Ku shigo, ku shigo. Ba kowa Allah yake nuna wa masu zuwa jana'izarsa ba. Hansai, kukanki ya yi, na gode, sai dai ranar ki rage ihun, kin firgita mini akuya."

Aka yi dariya, irin wadda ba ta kaiwa ciki. Liman ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, ga shi yara sun riga sun yi nisa da haƙa."

"Ku bar shi haka, Liman. Ba zai daɗe yana jira ba."

Tunau ya ce, "Wa zai shiga, Iya?"

Kowa ya kau da kai. Kafin mutane su watse rana ta take tsaka, tari ya taso wa tsohuwa, aka kai ta ɗaki. Ba a ɗauki hoto ba.

Wata rana Malam Ishaku ya koya musu dannawa. Ya nuna musu wani hoto da ya lalace, mutum a ciki kamar hayaƙi, ya ce, "Wannan motsi ya yi. Kada ka danna sai komai ya tsaya cak." Ranar Lahadi Tunau ya zaunar da Iya gindin kanya tun hantsi, rana a bayansa, akwati a ƙirjinsa, yatsa a kan madanni. Ya leƙa. Ganye yana motsi, ya jira. Ganye ya tsaya, kaza ta gitta, ya jira. Kaza ta wuce, sai ya lura da abin da bai taɓa lura da shi ba duk zamansu: kan Iya yana rawa, kaɗan kaɗan, irin rawar kan tsufa, ba ya tsayawa ko na ƙiftawar ido.

"Iya, kanki yana rawa."

"Na sani."

"Ki tsayar da shi."

Ta sa hannu ta tallafe haɓa, sai hannun ma ya kama rawa. Suka zauna haka, shi yana jira ita tana ƙoƙari, inuwar kanya ta zagaya daga wannan gefe zuwa wancan. Da azahar ta sauke hannu, gumi yana bin wuyanta, ta ce, "Bari, ɗana. Ranar da kan nan ya daina rawa ba za ka so hoton ba."

"Yaushe ce ranar, Iya?"

"Ta kusa."

Tunau ya yi murna, domin ya ɗauka albishir ne. Ya rataye akwati ya tafi yanko wa akuya ciyawa yana 'yar waƙarsa.

Wata rana, Asabar ta biyar, Malam Ishaku ya tambayi kowa matsalarsa. Da aka zo kan Tunau ya ce kan Iyarsa ba ya tsayawa. Malam ya sa shi ya riƙe akwati, ya ga shi ma hannunsa yana karkarwa saboda tsananin kiyaye doka. Ya ce, "Ƙyale zaunar da tsohuwa tukuna. Hannunka za ka horar. Kullum sau biyu, safe da yamma, duk inda ka same ta, duk abin da take yi, ka ɗaga, ka leƙa, ka riƙe numfashi, ka danna, ka murɗa. Ba ruwanka da motsi. Wannan ba hoto ba ne, saba hannu ne kawai." Malam Ishaku ya faɗi haka ne domin akwatunan sauran 'yan aji duk babu komai a ciki, ya kuma ɗauka na Tunau ma haka yake. Tunau ya koma ya yi yadda aka ce, daga Lahadi har Juma'a, bai tsallake ko sau ɗaya ba. Da yake an ce ba hoto ba ne, bai sa ta ɗaura zanen saƙi ba, bai ce ta tsaya ba, ita ma ba ta kula da shi ba. Wani lokacin ma tsawa take yi masa ya ajiye abin nan ya zo ya ci tuwo. Ranar Juma'a da yamma ya murɗa, kunnen ya yi ta juyawa sako-sako ba tsayawa.

Wata rana, Asabar ta shida, ranar koyon sa fim, Malam Ishaku ya karɓi akwatin Tunau zai buɗe ya nuna wa aji. Ya ji nauyinsa, ya tsaya. Ya shiga da shi ɗakin duhu inda yake wanke hoto, ya fito riƙe da naɗin fim da ya ƙare.

"Tunau! Da fim a cikin akwatin nan?"

"E, Malam. Na goma sha biyu. Yaya Jatau ya sa."

"Sau nawa ka danna?"

"Sau biyu kullum, kwana shida."

Malam Ishaku ya dafe kai. "Ka ƙone shi kaf a kan wasa! Don me ba ka faɗa mini ba tun ranar farko?"

"Ba ka tambaye ni ba, Malam. Ka ce kada kowa ya yi magana sai an tambaye shi."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Fim ɗin akwatin Tunau irin mai faɗi ne, babu shi a Tashar Ɗorawa, sai an yi sautu Kano, mai motar da ake ba sautu kuwa sai bayan mako biyu. Malam ya jefa naɗin cikin aljihun tebur ya ce, "Je ka, ka ce wa tsohuwa ta yi haƙurin mako biyu." Tunau ya je ya faɗa mata kamar yadda aka ce. Ta shafa kansa ta ce, "To, zan gwada."

Ta gwada kwana huɗu. Ranar Laraba da hantsi Gwaggo Hansai ta je gona ta kira shi, ba ihu, a hankali. Ya shiga ɗaki ya tarar da Iya kwance an juyar da ita gabas. Ya durƙusa ya daɗe yana kallo.

"Iya, kanki ya daina rawa."

Hansai ta ce, "Ta rasu, Tunau. Iya ta rasu." Sai da aka faɗa masa sannan ya sani. Akwati yana rataye a bango, ya ɗaga ido ya dube shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ta faɗa, Gwaggo. Ba na so."

Aka ciro farin yadin nan a karo na biyu, aka ƙarasa haƙan ramin da ya jira. Tunau bai yi kuka a gaban mutane ba. Abin da yake ta maimaitawa ga duk wanda ya zo gaisuwa shi ne, "Yaya ya aike ni, ban yi ba." Tun da aka haife shi ba a taɓa aikensa ya kasa ba sai wannan.

Wata rana, ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun watse, sai ga Malam Ishaku a kan keke, ya sha rana. Ya yi ta'aziyya, ya zauna a tabarma, ya ciro ambulan daga aljihu. Ya ce da ya ji rasuwar sai ya kasa sukuni, ya ciro naɗin nan daga aljihun tebur ya wanke, ba don yana sa ran komai ba. Ya jera hotunan a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya. Uku sun lalace. Ɗaya gindin akuya ne. Ɗaya hannuwan Iya ne kawai, da mazari da auduga. Sauran bakwai kuwa Iya Cima ce: ga ta tana ɓarar gyaɗa, ga ta tana zuba wa akuya dusa, ga ta ta jingina da rumbu ta lumshe ido tana shan hantsi. A na ƙarshe tana zaune a kan kujera mai ƙafa uku, ana ganin dutsen a ƙasa, ta miƙo kwanon tuwo, bakinta a buɗe tsakanin faɗa da dariya, idonta cikin idon mai ɗauka.

Tunau bai taɓa su ba. Ya ce, "Malam, ai ka ce ba hoto ba ne."

Malam Ishaku ya cire tabarau, bai goge ba, ya riƙe a hannu. "Na faɗa. Shekara talatin ina zaunar da mutane kamar gumaka ina cewa su tsaya cak, ban taɓa fitar da irin wannan ba. Da ka faɗa mini akwai fim, da na sa ka jira darasi na takwas, da yau ba mu da komai."

"To na aika wa Yaya?"

"Ka aika. Na wanke bibbiyu, ɗaya nasa ɗaya naka."

Sai a lokacin Tunau ya goge hannu a riga ya ɗauki na ƙarshen. Ya kai shi kusa da ido, ya nisantar, ya sake kawowa kusa. Ya jira ko zai motsa, bai motsa ba.

"Malam, kanta ya daina rawa."

"Ya daina."

"Ta ce ranar da ya daina ba zan so hoton ba." Ya sake duban hoton. "Ga shi ya daina, kuma ina so."

Malam Ishaku ya ce, "To a nan kaɗai ta yi kuskure."

Sannan Tunau ya yi kuka, mai yawa, yana riƙe da hoton nesa da fuskarsa, domin an koya masa a aji cewa ruwa yana ɓata takarda.

Da falke ya dawo ya karɓi na Jatau ya tafi da su Kumasi. Nasa kuwa Tunau ya ajiye su a ƙasan adaka, inda farin yadi yake a da, tare da ƙafar kujera da aka samu ƙarƙashin matashi. Malam ya ce masa ya riƙa dubawa kullum don kada gara ta ci. Kullum da safe sai ya buɗe adaka ya duba, ya ce, "Iya, ina kwana," ya ɗan jira kaɗan, sannan ya rufe ya tafi gona.